Wayar Da Ta Fi Ƙarfin Hannu Ɗaya

Ba kasafai mutumin karkara yake samun hannu biyu a sake ba. Mai ba albasa ruwa a fadama, hannunsa ɗaya yana kan tiyo. Uwa tana riƙe da jariri. A Aliero kuwa, inda ake zuwa daga nesa wurin masu ɗori, akan ga mutum da hannu a ɗaure har makonni, ga shi dole ya kira gida a aiko masa da guzuri. Dukan waɗannan da hannu ɗaya suke riƙe waya, babban yatsa kaɗai ke yin aikin.

Damuwar ita ce, waya ta girma, yatsa bai girma ba. Da iPhone ta fara fitowa a 2007, fuskarta inci 3.5 ce. Yau manyan wayoyin Tecno da Itel da Infinix da muke saye a Jega, yawancinsu sun wuce inci 6. Babban yatsa yana kaiwa ƙasa da tsakiya ba wuya. Amma in abin da ake so yana can sama a kusurwa, sai an sassauta riƙo, an zame wayar cikin tafin hannu. Daidai nan ne take suɓucewa. In a kan tabarma ne, da sauƙi. In a bakin rijiya ne ko cikin ruwan kwami, an yi hasara, lambobin dillalai da na 'yan'uwa duk suna ciki. Akwai kuma wadda ta fi wannan ciwo: yatsa ya miƙe da ƙyar, ya taɓa lambar da ba ita ba wajen tura kuɗi.

Ba mu kaɗai ba ne a Gehuru. A 2013 wani mai bincike a Amurka, Steven Hoober, ya lura da yadda mutane ke riƙe waya sau 1,333. Cikin waɗanda ke taɓa fuskar wayar, kashi 49 cikin 100 da hannu ɗaya suke yi. Masu ƙera waya sun gane haka, suka fara sauko da kaya ƙasa. A 2014 Apple ya sa dabarar da ke jawo saman fuskar waya zuwa tsakiya. A ƙarshen 2018 Samsung ya fito da tsarin One UI, inda abin karantawa ke sama, abin taɓawa ke ƙasa. Android 12 na 2021 ya zo da saitin hannu ɗaya. WhatsApp ma ya mayar da jerin shafukansa ƙasa a wayoyin Android a 2024. Wasunmu sun ɗauka wayarsu ce ta lalace.

Ba kowane canji ne mutane suka karɓa ba. A 2021 Apple ya mayar da wurin rubuta adireshin intanet ƙasa a manhajarsa ta Safari. Waɗanda aka ba su gwada suka yi ta gunaguni, domin yatsa ya riga ya saba da sama. Kafin a sake shi ga kowa, sai kamfanin ya ba da zaɓi: mai so sama ya bar shi sama, mai so ƙasa ya sa ƙasa. A ganinmu haka ya dace, gama hannun dattijo da na yarinya ba ɗaya ba ne, ga kuma bahago. Mu lura, ƙorafin waɗanda suka rubuta ne aka ji. Mu ma akwai wurin rubuta ra'ayi a ƙarƙashin kowace manhaja a Play Store, da Hausa ma ana iya rubutawa.

Kafin nan, ga abin da za mu iya yi yau. A nemi wani yaro mai karatu ya duba cikin saitin waya ko akwai na hannu ɗaya, ya kunna. Masu rubutu da Gboard su danne alamar waƙafi su riƙe, za su ga hoton hannu. In aka zaɓe shi, haruffa za su matso gefe ɗaya, dama ko hagu. Manhajojin da aka fi buɗewa a jawo su layin ƙasa. Wajen aika murya a WhatsApp, a danna a ja sama, zai ci gaba da ɗauka ba sai an riƙe ba. Tura kuɗi kam, a ajiye tiyo, a zauna, a karanta sunan mai asusu tukuna.

Ranar sayen sabuwar waya kuma, kada girman gilashi ya ruɗe mu. A riƙe ta da hannun da za a yi aiki da shi, a gwada ko yatsa ya kai ɗaya gefen, kafin a yi ciniki.