Badujala da Zari-ruga a Jami'o'in Baƙar Fatan Amurka

Yau sai birnin New Orleans, ƙarshen watan Nuwamba. Filin Superdome ya cika maƙil. An tafi hutun rabin lokaci, amma ba mai motsawa daga kujerarsa, domin yanzu ne 'yan badujalar jami'ar Southern da na Grambling za su fito su gwada ƙwanji: kakaki na ƙyalli, ganguna na amo, ɗalibai na taka rawa cikin sahu. Wasu dattawan ma, in za su faɗi gaskiya, kiɗan ne ya kawo su, ba ƙwallon zari-rugar ba. Wannan ita ce karawar Bayou Classic, wadda aka fara tun 1974.

To, mene ne mafarin abin? Wariyar launin fata. A Kudancin Amurka an hana baƙar fata shiga jami'o'in farar fata, balle gasanninsu. Da aka rufe musu ƙofa, sai suka kafa nasu gasannin: CIAA a 1912, SIAC a 1913, SWAC a 1920, sannan autarsu MEAC a 1970.

Kuma ba wasan yara suka yi ba. Eddie Robinson ya horar da Grambling daga 1941 har 1997, ya ci wasa 408. Ɗalibinsa Doug Williams ne baƙar fata na farko da ya ja ragamar ƙungiya a cikin fili har ta ɗauki kofin Super Bowl, a 1988.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Da wariya ta kau, manyan jami'o'i masu kuɗi da kwangilar talabijin suka kwashe zaratan yaran. Wa zai ga laifin yaro? Ko mai horarwa Deion Sanders, wanda zuwansa Jackson State a 2020 ya janyo hankalin 'yan jarida, kaka uku ya yi ya koma Colorado.

Yanzu har a tsakanin gasannin baƙar fatan ana 'yar kwashe-kwashe. A 2021 Florida A&M da Bethune-Cookman suka bar MEAC suka koma SWAC. Ƙungiyoyin zari-ruga shida kacal suka rage wa MEAC, kuma daga cikinsu ake fitar da wadda za ta je Atlanta a watan Disamba ta kara da zakaran SWAC a Celebration Bowl.