Kuɗinka ne, amma ƙofar a kulle: abin da shafin fansho ya yi mana ni da Kawuna

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan mako saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau daga Kasuwar Sabon Gari nake magana, wato Kasuwar Muhammad Abubakar Rimi da ke ƙaramar hukumar Fagge. In kun ji hon ɗin adaidaita sahu a bayana, ku yi haƙuri, haka unguwar take. Maganar fansho za mu yi. Na san wani zai ce, haba, ina ruwana da fansho ina da shekara 24? To dakata. In ba kai ba, akwai Baba, akwai Umma, akwai Yaya. Kuma ranar da shafin ya ƙi buɗuwa, wa za a miƙa wa wayar? Kai ne.

Ni ma haka aka miƙo min. Kawuna ya yi shekara 11 yana kula da sito a wani kamfani da ke rarraba kayan masarufi ga 'yan kasuwar nan. Aka rage ma'aikata, abin ya biyo ta kansa, yana da shekara 46. Ya yi wata biyar yana neman aiki bai samu ba. Sai wani tsohon abokin aikinsa ya ce masa ai doka ta ba shi damar cire wani kaso na kuɗin fanshonsa. Kawu ya yi lissafi, in kuɗin suka fito zai kama tebur ya fara sayar da sabulu da omo. Ya kira ni ya ce, “Ɗan nan, kai ne ɗan boko, zo ka duba min abin nan a waya.”

Kafin in ba ku labarin wahalar, bari mu san me ke cikin asusun. Tsarin fansho na karo-karo ya fara ne da dokar 2004, aka sake ta a 2014, kuma hukumar PenCom ce ke sa ido a kai. Kowane wata ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10. Misali in albashin da ake lissafi da shi naira 100,000 ne, naka 8,000, na kamfani 10,000, wato 18,000 ke shiga asusunka duk wata. Asusun da sunanka yake, yana hannun kamfanin kula da fansho da ka zaɓa, kuma ko ka canza aiki yana nan. Dokar ta ce in ka rasa aiki ba ka kai shekara 50 ba, kuma ka yi wata huɗu ba ka samu wani ba, za ka iya cire har kashi 25 cikin ɗari. Kun ga Kawu ya cancanta ke nan. Saura hanyar kaiwa ga kuɗin.

Muka zauna a shagon wani abokina mai gyaran waya a gefen France Road. Shafin ya nemi lambar asusu, wadda ke farawa da PEN sai lambobi 12. Kawu ya zaro wata tsohuwar takarda daga leda, alhamdu lillahi tana jiki. Sai fasuwod. Kawu ya ce shi bai taɓa sa wani fasuwod ba a rayuwarsa. Na danna wajen an manta, shafin ya ce ya tura lambar sirri zuwa layin da ke cikin rajista. Wane layi? Wanda ya ɓata tun shekaru shida da suka wuce. Babu wata hanya ta biyu, babu ko layi ɗaya da ke cewa in ka rasa layinka ga abin da za ka yi. Ranar haka muka tashi.

Sai da Kawu ya je ofis da ƙafarsa aka canza layin. Muka dawo, muka shiga. Wallahi ni da na yi digiri sai da na tsaya ina kallon allon. Maɓallai sun fi goma sha biyar, duk da Turancin 'yan banki: Programmed Withdrawal, Annuity, Temporary Access. Ashe wannan na ƙarshen shi ne kashi 25 ɗin da muke nema. Ta yaya mai kula da sito zai san haka? Muka fara cike fom, aka ce a ɗora hoto da takardar sallama daga aiki. Muka ɗora, ya juya, ya juya, ya ce an samu kuskure. Wane kuskure? Shiru. Sau huɗu muna yi, kuma kowane karo fom ɗin ya goge, a sake daga farko. Daga baya muka gane hoton ne ya yi nauyi. Da ya wuce kuma, sai ga wata: ranar haihuwar da ke asusun ba ta yi daidai da ta NIN ba. Abin da ya kamata a gaya mana a minti na farko, sai a rana ta tara muka ji.

Amma abin da ya fi tayar min da hankali yana cikin bayanan asusun. Takarda ce mai shafuka da yawa, rubutun ƙanana, sai ka ja allo hagu da dama. Na ɗauki biro na fara bin watanni ɗaya bayan ɗaya. Wata bakwai babu zubi. A takardar albashin Kawu an cire, a asusun bai shiga ba. A misalinmu na ɗazu, naira 126,000 ke nan, ban da ribar da za su haifar. Doka ta ce a zuba kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan an biya albashi, kuma akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba duk wata a kan wanda ya ƙi. Bayanin yana nan tun tuni, ba wanda ya goge shi. An dai binne shi inda Kawu ba zai gani ba. Da shafin ya nuna masa tun watan farko, da ya yi magana yana cikin aiki, lokacin da ake jin muryarsa.

To a nan nake son masu koyon haɗa manhaja su matso kusa, don na san kuna da yawa a cikin masu sauraro. A ganina, shafin haƙƙoƙin ma'aikata, na fansho ne, na inshorar lafiya ne ko na asusun gidaje, tambaya uku kawai ya kamata ya amsa a allon farko: nawa ne nawa, me na cancanta, me zan yi yanzu. In mutum mai ƙaramar waya da sabis mai rawa bai samu amsarsu cikin minti biyu ba, shafin bai yi aikinsa ba, komai kyan launinsa.

Na farko, jimlar kuɗi da manyan lambobi a sama, a ƙasa kuma watanni 12 a jere, wanda aka zuba kore, wanda ba a zuba ba ja. Ko wanda bai iya karatu ba ya san ja ba lafiya ba.

Na biyu, a rubuta maɓalli da buƙatar mutum, ba da sunan da ke cikin doka ba. “Na rasa aiki.” “Na yi ritaya.” “Mai asusun ya rasu.” “Ina son sayen gida.” Kuma a sa Hausa, Hausar mutane ba ta inji ba. Gwamnatin Birtaniya da ta buɗe shafinta na GOV.UK a 2012, ƙa'idarta ita ce a yi rubutun da ɗan shekara tara zai iya karantawa. A ƙasar da Turanci ne harshen gida fa ke nan. Mu me zai hana mu?

Na uku, a tuna yadda muke rayuwa. Layi yana ɓata, waya tana faɗawa hannun ɓarawo, mutane da yawa ba su da imel, wasu wayar gida ɗaya ce. Dole a samu hanya ta biyu ta tabbatar da mutum, kuma a rubuta ta a fili.

Na huɗu, kafin a fara fom a jera duk takardun da ake so, a duba sunan da ranar haihuwa da NIN tun a mataki na farko. Manhajar ta rage nauyin hoto da kanta. In sabis ya ɗauke, ta riƙe abin da aka cike. In an samu kuskure, ta faɗi mene ne da yadda za a gyara.

Na biyar, kada a manta da 'yar rakani masallaci. Bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN, ya fito da lambar *219# don masu zubi a asusun NHF, wanda ake cire wa kashi biyu da rabi na albashi, su duba nasu ba tare da intanet ba. Ga kuma tsarin ƙaramin fansho da aka ƙaddamar a watan Maris na 2019 saboda masu sana'ar kansu, irin teloli da 'yan tebur da masu shaguna da suka cika kasuwar nan. In ma'aikacin kamfani ya kasa shiga shafin, ina ga mai sayar da atamfa da kwastoma ke tsaye a kansa?

Za ku ce duk wannan sai da kuɗi mai yawa. Ba lallai ba. Wani masanin harkar, Jakob Nielsen, ya rubuta a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kacal yana fito da kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da shafi. Mutum biyar! Ka shigo Sabon Gari, ka samu direba ɗaya, mai gadi ɗaya, malamar firamare, ma'aikaciyar jinya da mai sito. Ka miƙa wa kowa waya ka ce, duba min ko an zuba maka kuɗin watan jiya. Sai ka yi shiru, kada ka taimaka. Duk inda yatsansa ya tsaya, nan gyaranka yake. Kuma kuɗi kaɗai ba sa hana kunya: Amurka ta buɗe shafin inshorar lafiya na HealthCare.gov ranar 1 ga Oktoba 2013, bayan an kashe maƙudan daloli, amma a ranar farko mutum shida ne kawai suka iya kammala rajista.

Kafin masu shafukan su gyara, ga abin da ke hannunmu. Yau da daddare ka zauna da duk wanda ake cire wa fansho a gidanku. Ku nemo lambar PEN ɗin ku rubuta a wuri mai kyau. Ku tabbatar layin da ke rajista shi ne wanda ke hannunsa, suna da ranar haihuwa kuma sun yi daidai da NIN. Ku duba magajin da aka rubuta, don wasu tun suna samari suka cike. Ku bi watanni ɗaya bayan ɗaya, in akwai giɓi a rubuta wa wajen aiki, in ba a ji ba a kai ƙorafi PenCom. Kuma tun Nuwamban 2020 ma'aikaci yana da damar ɗauke asusunsa zuwa wani kamfanin fansho sau ɗaya a shekara. Wanda shafinsa ya gallabe ka, ba dole ka zauna da shi ba.

Kawu dai kuɗinsa sun fito bayan kusan wata biyu, teburinsa na nan cikin kasuwa. Wata bakwai ɗin nan kuma har yanzu muna bi. Jiya na biya ta wajensa, ya ce min, “Ɗan nan, da ba ka riƙe biron nan ba, da shi ke nan sun tafi.” Na ce Kawu, ai aikin shafin ne na yi masa.

Allah Ya ba iyayenmu haƙƙinsu suna da rai da lafiya.