Maganin Ƙarin Jini da Alawar Barci: Gubar da Ke Hannun Yara

Tsakanin 2012 da 2021, rahotannin yaran da suka haɗiyi melatonin, sinadarin sa barci, a Amurka sun ƙaru da kashi 530 cikin ɗari, kamar yadda hukumar CDC ta bayyana a 2022. Yawancinsu 'yan ƙasa da shekara shida ne, kuma a gida suka tsince shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ana sarrafa shi kamar alawa mai zaƙi, sannan dokar ƙasar ta 1994 ta ware irin waɗannan kayan ƙarin lafiya daga sahun magunguna, don haka ba a tantance su kafin su shiga kasuwa. Iyaye ma haka suka ɗauke su. Wa zai kulle alawa a akwati?

Melatonin dai yawanci barci mai nauyi yake sawa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙwayar ƙarin jini, wadda mata masu juna biyu ke karɓowa daga awo a asibitocinmu, a ajiye ta kan taga ko cikin jaka. Sinadarin ƙarfen da ke cikinta, idan ya yi yawa, yana cin hanjin yaro. Cikin awa shida sai amai da gudawa, wani lokaci har da jini. Daga nan yaron ya ɗan warware, uwa ta ce Alhamdulillahi ya wuce. A wannan lafawar ake yin asara, domin gubar tana ci gaba da aiki a hanta, har jini ya faɗi, jijjiga ta biyo baya, sai suma.

Idan jijjigar ta zo, da wuya a tuna da ƙwayoyin jiya. Sai a ce zazzaɓi ne ko iska, a tura cokali a baki, a yi turare. Alhali asibiti na da makari, deferoxamine, kuma likita ya fi saurin gane matsalar idan an tafi da ragowar ƙwayoyin.

A Amurka, a 1997 hukumar FDA ta tilasta rufe ƙwayoyi masu ƙarfe da yawa ɗai-ɗai a cikin leda mai wuyar ɓarewa, mace-macen yara suka ragu sosai, amma a 2003 kotu ta soke dokar bayan ƙarar 'yan kasuwa. Mu kuwa a nan, sau da yawa a 'yar leda ko ƙunshin takarda ake miƙa wa mace ƙwayoyin wata guda.