Daga Rajgad zuwa Raigad: Bin Sawun Shibaji a Tsaunukan Indiya

Da zarar damina ta ɗauke a yammacin Indiya, wajen watan Oktoba, sai ƙauyukan gindin tsaunukan Sahyadri su cika da baƙi masu goye da jakunkuna, yawancinsu daga biranen Pune da Mumbai. Wasu dutse guda suke hawa su sauko kafin faɗuwar rana. Masu ƙarfin hali kuwa tafiyar kwana uku zuwa huɗu suke ɗaura wa niyya: daga ganuwar Rajgad zuwa ta Torna, sannan su gangara ta tsagin duwatsu da kurmi su ɓullo Raigad, duk a ƙafa.

Tsaunukan Sahyadri sun miƙe kimanin kilomita 1,600 a gefen tekun yammacin ƙasar. A jihar Maharashtra, baƙin dutsen da ya gina su narkakken aman wuta ne da ya daskare tun wajen shekara miliyan 66 da suka wuce. Ruwan sama ya yi ta zaizaye shi har ya bar duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai da gefe a miƙe ƙyam. Mai neman mafaka aikinsa kaɗan ne: ya toshe inda Allah ya bari a buɗe, ya sa ƙofa.

Wanda ya fi kowa cin gajiyar wannan shi ne Shibaji, wanda ya kafa daular Marata. An haife shi a 1630, kuma yana ɗan shekara 16, a 1646, ya karɓe Torna. Abokan gabarsa, Sarkin Bijapur da daular Mugal, sun fi shi dawakai da igwa da dukiya nesa ba kusa ba. Shi kuwa yana da Mawala, manoman kwarurrukan yankin da suka san kowace 'yar hanya ko cikin dare. Tarihi a takarda yana faɗin haka, amma sai mutum ya taka hanyar da ƙafarsa yake gane yadda ƙasar kanta ta yi wa Shibaji yaƙi.

Ranar farko ta Rajgad ce, kimanin kilomita 60 daga Pune, kuma galibi daga ƙauyen Gunjawane ake fara hawa. A Rajgad ne fadar Shibaji ta zauna fiye da shekara 20. Dutsen ya miƙa hannuwa uku, Padmawati da Suwela da Sanjiwani, kowanne da tasa katangar, sannan ga ƙololuwa a tsakiya wadda ake hawa ta matakalar da aka sassaƙa a jikin dutse, hannu na riƙe da ƙarfen kariya. A Suwela akwai wata babbar kafa da ta huda dutsen daga wannan gefe zuwa wancan, ana hango ta daga nesa. Abin da ya fi cancantar a tsaya a duba shi ne tafkunan da aka haƙa cikin dutse don tara ruwan damina. Ba don su ba, babu rundunar da za ta iya zama a can sama har rani ya wuce.

Kashegari ake bin doron tsauni zuwa Torna, mai tsayin mita 1,403. Yini guda ne cur, inuwa kaɗan, rami dama rami hagu.

Daga nan ne tafiyar take nuna halinta. Torna na kan tudun Dekan, Raigad kuwa tana ɓangaren Konkan, ƙasar gangare mai zafi da laima, kuma tsakaninsu akwai gangaren da ba ya ɗaukar wargi. Ana sauka ne ta kwarurrukan da ruwa ya ci a jikin tsauni, irin su Boratyachi Nal da Singapur Nal, inda tsakuwa ke zamewa ƙarƙashin takalmi, wani wurin ma sai an ɗaura igiya. A gaba ga Lingana, tsinin dutse da aka taɓa tsare fursunoni a kansa. Ciyayin karbi, waɗanda ba sa fure sai bayan shekara bakwai zuwa takwas, sukan fi mutum tsayi su rufe hanya ruf. Mai hankali ba ya shiga nan sai da ɗan jagora daga ƙauyukan wurin. Su ne kuma masu ba da masauki da abinci: bakri, wato gurasar dawa ko gero ko shinkafa, da pitla, miyar garin wake mai kauri, da tsala mai sanyi. Bahaushe ba zai ji baƙunta a wannan akushi ba.

A ƙarshe sai Raigad. Nan aka naɗa Shibaji sarauta a 1674, nan ya rasu a 1680, kuma nan makwancinsa yake. Sojojin Mugal sun ci ganuwar a 1689, Turawan Ingila kuma suka yi mata ruwan igwa a 1818. Har yau ana ganin babbar ƙofa, da kangon fada, da layin kasuwa, da Takmak Tok, bakin dutsen da aka riƙa jefo masu manyan laifuka daga kansa a zamanin da. Tun 1996 akwai keken igiya da ke kai mutane sama cikin 'yan mintoci, alheri ne ga tsofaffi da marasa ƙarfi. Wanda ya iso a ƙafa kuwa, matakala sama da dubu ke jiransa.

A watan Yulin 2025 hukumar UNESCO ta sa ganuwoyin Marata 12 cikin wuraren tarihi na duniya, har da Rajgad da Raigad. Torna ba ta ciki, haka ma hanyoyin da suka haɗa su, alhali waɗannan hanyoyi su ne suka mai da duwatsu warwatse suka zama daula. Yawan baƙi ya kawo wa ƙauyawa kuɗin shiga, ya kuma kawo robobin ruwa da ledoji da sunayen da ake karcewa a katangu masu shekara ɗaruruwa. Ƙungiyoyin 'yan sa-kai daga birane sukan hau a ƙarshen mako su yashe tafkunan, su cire ciyawar da ke tsaga gini, su sauko da buhunan shara a ka.