Kwanon alminiyam a madadin farar barket: abin da masu sayar da abinci ya kamata su sani

Da an sallame sallar magariba a Yamai, Maradi ko Damagaram, layi kan fara tsawo a gaban masu sayar da abinci. Wani na son shinkafa da miya, wani dambu, wani soyayyen dankali da gasasshiyar kaza. Da yawa ba a wurin suke ci ba. Ana zuba masu a farin mazubin nan mara nauyi mai kama da soso, wanda ake kira barket, a ɗaure a leda, ɗan kabu-kabu ya kai gida ko wurin aiki. Yanzu har ƴan ƙasa mazauna waje kan aiko da kuɗi su yi odar abinci ta WhatsApp don a kai wa iyaye, musamman da azumi. Da gari ya waye kuwa, barket ɗin da aka ci abinci a ciki jiya tana kwance a cikin magudanar ruwa.

Wannan ne ya sa wasu gidajen abinci da masu girkin biki suka fara komawa ga siririn kwanon alminiyam mai murfin kwali. Canjin yana da amfani na zahiri, amma yana da sharuɗɗan da idan ba a kiyaye su ba, kuɗi kawai za a ƙara kashewa.

Ita barket ana yin ta ne da wata roba da ake samu daga man fetur mai suna polistirin, wadda ake hura wa iska har ta kumbura. Sama da kashi 90 cikin 100 na jikinta iska ce. Shi ya sa take da araha, ba ta da nauyi, kuma take riƙe ɗumin abinci. Sai dai robar tana fara laushi da zarar zafi ya kusanci digiri 100, alhali man da ake suya da shi yakan kai digiri 170 zuwa 180. Duk wanda ya taɓa ganin gindin barket ya lotsa ko ya huje bayan an juye masa dankali daga kasko, ya ga wannan da idonsa. Zafi da maiƙo su ne ke ƙara yawan sinadarin sitirin da ke fita daga robar ya shiga abinci. A shekarar 2018, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya sitirin a rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar daji. Mafi yawan hujjojin da suka shafi ɗan Adam sun fito ne daga ma'aikatan masana'antu da ke shaƙar sinadarin da yawa, kuma abin da ke shiga abinci kaɗan ne. Duk da haka, mai cin abinci mai zafi da mai a cikin barket kullum yana da dalilin yin tunani.

Matsalar da ta fi fitowa fili ita ce ta shara. Barket ba ta ruɓewa, farfashewa take yi ta zama ƙananan gutsattsari da iska ke kwasa. Tana yawo a saman ruwa, ta haɗu da leda da yashi ta toshe kwalbati. Masu tsintar kaya a bola ba sa ɗaukar ta, domin babu mai saye. Idan an cinna wa shara wuta, tana fitar da baƙin hayaƙi mai ɗaci da ƴan unguwa ke shaƙa. A garuruwan da suka ga irin ɓarnar da ambaliyar damina ta 2020 da ta 2024 ta yi, duk abin da ke toshe hanyar ruwa ba ƙaramin abu ba ne.

Wasu ƙasashe sun riga sun yanke hukunci. Birnin New York na Amurka ya haramta irin wannan mazubi tun ranar 1 ga Janairun 2019. Ƙasashen Tarayyar Turai sun bi sahu daga ranar 3 ga Yulin 2021. A maƙwabciya Najeriya, gwamnatin jihar Legas ta sanar da haramta shi a watan Janairun 2024, inda ta kafa hujja da toshewar magudanan ruwa. A nan Nijar akwai doka mai lamba 2014-63 ta ranar 5 ga Nuwamban 2014, wadda ta hana ƙerawa, shigowa, sayarwa, ajiyewa da yin amfani da leda mara kauri. Fiye da shekaru goma bayan haka, baƙar leda na nan a kowace kasuwa, abin da ke nuna cewa doka kaɗai ba ta canza ɗabi'a idan babu madadin da aljihu zai iya ɗauka.

Ta fuskar zafi, alminiyam ya yi wa barket nisa. Sai zafi ya kai digiri 660 yake narkewa, don haka mai ko romo mai tafasa ba ya yi masa komai. Ana iya ɗumama abinci a cikinsa a gashi ko a kan garwashi mara ƙarfi, ana iya sa shi a firji, kuma idan an lanƙwasa bakinsa a kan murfi, miya ba ta cika zubewa a kan babur ba. Ba a sa shi a na'urar maikurowef sai idan kamfanin da ya yi shi ya rubuta cewa ana iya yi. Kuma da yake ƙarfe ne, yana ƙona hannu, yana kuma hucewa da wuri fiye da barket.

Inda ake bukatar kula shi ne abinci mai tsami ko gishiri da yawa. Tumatir, tsamiya, yakuwa, lemun tsami da binigar suna cin jikin alminiyam, wani ɓangare nasa ya narke cikin abincin. A 2017, hukumar tantance haɗarin abinci ta Jamus ta gwada irin waɗannan kwanoni marasa rufin ciki, ta gano cewa abinci mai tsami da aka bari da zafi na tsawon awanni ya kwashi alminiyam fiye da ƙimar da aka amince da ita a Turai. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ƙayyade tun 2008 cewa kada abin da mutum ke ci a mako ya wuce miligiram 1 a kan kowane kilo na nauyin jikinsa. Lafiyayyar ƙoda tana fitar da mafi yawan abin da ya shiga jiki, amma ƙananan yara da masu ciwon ƙoda sun fi kowa shiga haɗari. Saboda haka, gasasshen nama, kaza, dambu, shinkafa da soyayyen dankali sun dace da kwanon. Miyar tumatir ko ta yakuwa kuwa, a ci da wuri ko a juye a wani mazubi da an isa gida, kada ta kwana a ciki.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi damun mai sana'a. Kwanon alminiyam ya fi barket tsada, kuma daga waje ake shigo da shi. Tun bayan rufe iyaka da Benin a 2023, kaya da yawa na zagayowa ta tashar Lome da Burkina Faso, abin da ya ƙara kuɗin dako. Gidan abincin da ke sayar da faranti a jika biyu ko uku zai iya shanye bambancin ko ya ɗora wa mai saye. Matar da ke sayar da shinkafa da wake a dala arba'in ko hamsin a bakin tasha, ribarta a kowane faranti ba ta kai ta yi hakan ba. Idan aka tilasta mata canji ba tare da an sauƙaƙa farashi ba, leda za ta koma.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Ƙera sabon alminiyam yana cin wutar lantarki mai yawan gaske. Ana bukatar kusan tan 4 na ƙasar boksit, wadda Gini ke kan gaba wajen fitar da ita a duniya, kafin a samu tan 1 na ƙarfen. Narkar da tsoho kuwa kusan kashi 5 cikin 100 kawai na wannan makamashi yake ci. Ke nan, kwanon da aka ci abinci sau ɗaya aka jefar a bola asara ce babba. Amfaninsa ga muhalli yana tabbata ne idan ya koma wuta.

A nan Nijar tana da abin da za ta gina a kai. A kasuwar Katako da ke Yamai, da wuraren maƙera a Maradi, Tawa da Damagaram, an daɗe ana narkar da gwangwanaye da tsoffin ƙarafan alminiyam ana zuba tukwane, ludayi da matsami. Ƙarfen yana da masu saye a kilo. Cikas ɗin shi ne kwanon abinci siriri ne, giram kaɗan ne nauyinsa, kuma idan aka jefa shi wuta warwatse, wani ɓangare yana ƙonewa ya zama toka. Sai an wanke shi, an murƙushe, an danne shi da yawa wuri guda kafin ya yi wa maƙeri amfani. Yaro mai tsinta ba zai bi unguwa don kwano ɗaya ko biyu ba, amma buhun da gidan abinci ko mai girkin biki ya tara a ƙofarsa kaya ne da za a zo a auna.

Ga abokan ciniki na kullum, akwai hanyar da ta girmi barket da alminiyam duka. Kafin zuwansu, da kwanon gida ko kula ake aiken yaro sayen tuwo da waina, kuma har yanzu haka ake yi a unguwanni da yawa. Mai abincin da ya rage dala biyar ga wanda ya zo da mazubinsa bai yi asara ba, domin kuɗin barket ɗin ne ya mayar masa. Alminiyam sai ya tsaya ga odar da za a kai nesa, bukukuwa da buɗa-bakin azumi, inda ake zuba ɗaruruwan kwanoni a lokaci guda kuma tattara su bayan an ci ba shi da wuya.