Gubar da ke kwance a ƙasa: Wa zai gwada filayen Sakkwato kafin a gina su?

Duk wanda ya taɓa sayen fili a birnin Sakkwato ya san tambayoyin da ake yi wa dillali: na gado ne ko na gwamnati? Akwai takarda? Akwai rigima a kai? Ruwa na kwanciya da damina? Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba: me ake yi a wurin kafin a yanka shi fuloti-fuloti?

Birnin na ci gaba da faɗaɗa, ta Arkilla da Bado har zuwa Kalambaina, ta Mabera, ta Kwannawa da More. Wuraren da a da suke bayan gari yanzu sun koma tsakiyar unguwa. A cikinsu akwai tsofaffin garejin makanikai, da juji, da ramukan da aka cike da shara, da zangon 'yan gwangwan. Idan aka share irin wannan wuri aka zuba yashi, ido ba zai bambanta shi da tsohuwar gona ba. Sai dai ƙasa ba ta mantuwa. Dalma, alal misali, ba ta ruɓewa. Inda ta zuba nan za ta zauna shekara da shekaru, sai in an kwashe ta.

Darasin da ke maƙwabta

Ba sai Basakkwace ya je nesa ba kafin ya ga abin da gurɓatacciyar ƙasa ke yi. Zamfara, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1996, ita ce ta ga ɗaya daga cikin annobar gubar dalma mafi muni da aka sani a duniya.

A watan Maris na 2010 ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura yara na mutuwa fiye da ƙima a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Bincike ya gano cewa duwatsun zinaren da ake kaiwa cikin gidaje ana daka su ana niƙawa suna ɗauke da dalma mai yawa. Ƙurar ta bi tsakar gida, ta shiga ɗakuna da kwanukan abinci, yara masu rarrafe suka riƙa kai ta baki. Yara aƙalla 400 ne suka rasu, dubbai kuma suka kamu.

A wasu gidajen an auna dalma sama da kashi 100,000 cikin miliyan a ƙasa, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga wurin wasan yara kashi 400 ne kacal.

Abin da ya fi ba likitoci wahala shi ne magani ba ya amfani matuƙar yaro zai koma gidan da gubar take. Dole sai an fara gyara ƙasa. Kamfanin TerraGraphics na Amurka da Cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan jihar da mutanen gari, suka shiga gida-gida da fartanya da shebur, suna kankare saman ƙasa, a loda a buhu, a kai ramin da aka tanada a binne, sannan a kawo sabuwar ƙasa a shimfiɗa. Ƙauyuka bakwai aka yi wa haka tsakanin 2010 da 2011.

Garin Bagega, wanda ya fi su girma, ya zauna jiran kuɗi har farkon 2013, lokacin da gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin aikin bayan matsin lamba daga ƙungiyoyi da fafutukar matasa a intanet. Duk tsawon jiran, ɗaruruwan yara ba su samu damar fara magani ba. MSF ba ta miƙa shirin ga hukumomin jihar ba sai a 2022. Kafin nan irin wannan annoba ta sake ɓulla a 2015 a yankin Shikira da ke Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Ita ma Jihar Sakkwato ta ji ƙararrawa. A watan Afrilun 2024 Hukumar NCDC ta sanar da cewa tana binciken wata baƙuwar cuta a Ƙaramar Hukumar Isa, mai kumbura ciki, wadda ta kama mutum sama da 160, akasarinsu yara. Hukumar ta ce gwajin farko ya nuna dalma da sinadarin kuromiyam a jinin wasu daga cikin marasa lafiyar. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ina hatsarin yake a cikin birni?

Sakkwato ba garin manyan masana'antu ba ne kamar Kano, inda ruwan majemun zamani na Challawa da Sharaɗa da masana'antun Bompai ya daɗe yana gangarawa kogunan Challawa da Jakara. Amma rashin manyan kamfanoni ba ya nufin ƙasa lafiya lau take. Ƙananan sana'o'i ma na tara guba sannu a hankali.

Na farko shi ne batir. Batirin mota da mafi yawan na sola da ake sa wa a gidaje, dalma ce a cikinsa da ruwan asid. Yadda jama'a ke komawa sola saboda matsalar wutar lantarki, haka matattun batura ke ƙaruwa. Idan aka fasa su da guduma a fili, aka zubar da ruwan a ƙasa, ko aka narka dalmar a kasko, wurin ya gurɓata ke nan.

Na biyu, baƙin man da makanikai ke tsiyayarwa ƙasa, da tsofaffin tankunan gidajen mai da ke binne, waɗanda idan suka yi tsatsa sukan yoyo zuwa ruwan rijiya. Na uku, ƙona wayoyin lantarki da tarkacen talabijin da kwamfuta don cire jan ƙarfe, wanda ke barin toka mai guba. Jima ta gargajiya da bagaruwa, wadda ta fito da sunan jar fatar Sakkwato a duniya, ba ta kai ta zamani hatsari ba, domin ita ta zamanin ce ke amfani da kuromiyam. Amma rinin zamani da sinadaran kanti sun shiga sana'o'in hannu da dama.

Sai kuma masana'anta mafi girma a yankin, kamfanin siminti na Kalambaina a Ƙaramar Hukumar Wamakko, wanda aka kafa a 1962 da sunan CCNN, ya fara aiki a 1967, yanzu kuma yana ƙarƙashin BUA. Duk inda ake haƙar farar ƙasa shekaru sama da hamsin, akwai ramuka da filayen da wata rana za a bar su. Tambayar da ta shafi kowace irin wannan masana'anta a duniya ita ce yadda za a mayar da wurin idan an gama, musamman da yake gidaje na matsowa kusa.

Yara su ne kan gaba wajen cutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa, kuma jikin ƙaramin yaro na tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa. Ƙaramin adadi ba ya kwantar da yaro. Yana rage masa kaifin ƙwaƙwalwa ne a ɓoye, kuma illar ba ta komawa. Ga kuma fadamun Rima da Kogin Sakkwato, inda ake noman albasa da latas da alayyafo, can ruwan sama ke kai abin da ya wanko daga gari.

Doka na nan, amma da giɓi

Dokokin muhalli na Najeriya sun samo asali ne daga wani abin kunya. A 1988 aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, a Jihar Delta ta yanzu. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa dokar da ta tanadi ɗaurin rai-da-rai ga mai jibge irin wannan shara, ta kuma kafa Hukumar FEPA. A 1992 aka zo da dokar da ta wajabta nazarin illa ga muhalli kafin fara manyan ayyuka. A 2007 aka kafa NESREA, a shekarar kuma aka yi dokar ma'adinai wadda ta tanadi asusun gyara wuraren haƙa, wanda masu lasisi za su riƙa zuba kuɗi a ciki.

Ƙarfin waɗannan dokoki ya fi karkata ga kamfani mai rajista da ke kan aiki: hayaƙinsa, ruwan da yake fitarwa, lasisinsa. Matsalar ita ce filin da mai gurɓata shi ya tashi, ko ya mutu, ko dama mutum ɗari ne masu ƙananan sana'o'i da ba wanda ya san sunansu. Irin wannan fili maraya ne. Najeriya ba ta da doka guda da ta keɓanta ga gurɓatattun filaye tare da asusun gyara su, kamar yadda wasu ƙasashe ke da ita.

Amurka ta yi tata ne bayan ta ji jiki. A unguwar Love Canal da ke Jihar New York, wani kamfani ya binne sinadarai kusan tan 21,000, ya sayar wa hukumar ilimi filin a kan dala ɗaya a 1953. Aka gina makaranta da gidaje. A 1978 sai da aka kwashe iyalai, a 1980 kuma aka yi dokar Superfund, wadda ta ba gwamnati ikon gyara wuri sannan ta bi mai laifi ya biya. A Ingila, tun shekarar 2000 nauyin duba filaye da ajiye rajistarsu na kan ƙananan hukumomi; wanda ya gurɓata shi ne zai biya, in ba a same shi ba sai nauyin ya faɗa kan mai filin.

A gida kuwa, yankin Ogoni ya nuna tsadar jinkiri. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, da dala biliyan ɗaya a matakin farko.

Abin da jiha za ta iya yi da kanta

Sakkwato ba ta buƙatar jiran Abuja. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, shi ke sa hannu a takardar mallaka, hukumar tsara birane kuma ita ke ba da izinin gini. A nan ne za a iya sa sharaɗi: duk filin da aka taɓa yin gareji, ko gidan mai, ko juji, ko sana'ar batir a kansa, ba za a mayar da shi gida ko makaranta ba sai an gwada ƙasarsa.

Gwajin ba abin a-zo-a-gani ba ne. Na'urar hannu mai suna XRF, irin wadda aka yi aiki da ita a Zamfara, na nuna yawan dalma a ƙasa cikin ɗan lokaci kaɗan. Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da masana kimiyyar ƙasa da na sinadarai da za su iya zana taswirar wuraren da ake zargi, masu unguwanni da dattawa kuma su ne suka san tarihin kowane fegi. Daga nan sai a buɗe rajistar da mai saye zai iya dubawa.

Masu sana'ar batir da gwangwan ba korarsu ce mafita ba, domin korar na watsa gubar ne zuwa sabon wuri. Abin da ya fi shi ne a ware musu zango mai daɓen siminti nesa da gidaje, a riƙa tara matattun batura ba tare da an fasa ba, ana tura su ga kamfanonin da ke da lasisin sarrafawa. Manyan kamfanoni kuma a tabbatar kuɗin gyara na ajiye tun suna kan aiki.

Kafin hukuma ta motsa, magidanci ma na da nasa. Ya tambayi maƙwabta tarihin fili kafin ya biya kuɗi. Idan akwai shakka, ya yi wa tsakar gida daɓe, a riƙa yayyafa ruwa kafin shara, a wanke wa yara hannu kafin cin abinci, kuma kada a ajiye mataccen batir inda suke wasa. Mai sana'ar da ke taɓa dalma ya sauya tufafi ya yi wanka kafin ya ɗauki ɗansa.

A Zamfara sai da aka cika maƙabartu kafin a auna ƙasa. Sakkwato na da damar auna tata tun ana harsashin gini.