Gidan Ɗan Hausa: Waɗanda Suka Zauna A Cikinsa

Wanda ya bi ta unguwar Nassarawa a Kano zai ga wani tsohon gidan ƙasa mai kaurin bango da zankwaye, wanda ake kira Gidan Ɗan Hausa. Mutane da yawa sun san sunan, amma kaɗan ne suka san waɗanda suka kwana a ɗakunansa, balle abin da aka ƙulla a ciki.

Masu riƙe da tarihin baka sun ce asalinsa gidan wani bafade ne mai kula da gandun Sarkin Kano, tun kafin Turawa su ci birnin a 1903. A lokacin nan Nassarawa karkara ce a bayan ganuwa.

A zamanin Sarki Abbas gidan ya koma hannun wani Bature, Hanns Vischer. An haife shi a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1876. Ya fara zuwa ƙasar nan a 1901 tare da 'yan mishan, daga baya ya shiga aikin Gwamnatin mulkin mallaka aka tura shi Barno. A 1906 ya ƙetare hamada da ayari daga Tarabulus har Barno. Saboda yadda ya ji Hausa, ya kuma san al'adun mutane, aka laƙaba masa Ɗan Hausa, sunan kuwa ya bi gidan har wa yau.

To, a nan Nassarawa ne ya buɗe makarantar boko ta farko ta Gwamnati a Arewa a 1909. Aka tara malamai, da 'ya'yan sarakuna, da masu koyon sana'a. Yana zaune a gidan ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko a 1912. Watau haruffan da mai karatu yake dubawa yanzu, a wannan gida aka fara daidaita musu zama, ko da yake masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ sai a shekarun 1930 suka shigo.

Matarsa Isabelle ta zauna tare da shi, har ta rubuta littafi da Faransanci a kan zamanta a Arewa. Yaƙin Duniya na Farko ya raba su da Kano, shi kuwa ya rasu a 1945. Bayansa waɗansu ma'aikatan Turawa suka yi ta zama a gidan, daga bisani ya zama gidan tarihi a hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano.

Ginin ƙasa dai ba ya jure sakaci. In damina ta wuce ba a yi yaɓe ba, ba a duba azara da indararo ba, ta gaba sai ta tafi da bango. Lalle ya kamata hukuma da attajiran Kano su riƙa tunawa da haka kowace shekara, kuma malaman makaranta su riƙa kai yara su ga inda karatunsu ya faro.